Clessie Cummins: Direban Attajiri Da Ya Ɗora Injin Dizal A Kan Titi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanya ya ga tsohuwar babbar mota ta kama hawa da lodi, tana nishi tana tuttuɗo baƙin hayaƙi kamar an cinna wa taya wuta, to ya ga wata gardama wadda ta girmi motar da direbanta. Shi direba ƙarfi yake so, don ya haye tudu ba tare da ya yi ta kokawa da giya ba. Mai mota kuwa burinsa injin ya shekara da shekaru bai kwana a gareji ba. Mutumin da muka kawo tarihinsa a wannan fili yau a tsakanin buƙatun nan biyu ya ƙare rayuwarsa. Shi ne Clessie Lyle Cummins, Ba'amurken da ake ganin sunansa a jikin janaretocin da ke ruri a bayan ma'aikatu da asibitoci, da kuma injinan manyan motoci a ƙasashe da dama.

An haife shi ranar 27 ga watan Disamba, 1888, a karkarar Jihar Indiana ta ƙasar Amurka. Iyayensa ba masu hali ba ne, sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan wajen neman abinci, har suka yada zango a wani ɗan gari mai suna Columbus. Karatunsa na boko bai wuce aji 8 ba. Amma tun yana yaro hannunsa ba ya rabuwa da ƙarfe, har ana ba da labarin cewa yana ɗan shekara 11 ya haɗa wani ɗan injin tururi da kansa. Ya yi aiki a masana'antun motoci na birnin Indianapolis, cikinsu har da kamfanin Marmon, kuma a shekarar 1911, lokacin da aka yi tseren motoci na mil 500 na farko a birnin, yana cikin kanikawan da suka kula da motar Ray Harroun, wadda ita ce ta zo ta ɗaya.

Sai dai ba a filin tsere arzikinsa ya tsaya ba. A shekarar 1908 wani attajiri mai banki a Columbus, William G. Irwin, ya ɗauke shi direba kuma mai gyaran motar gidansa. Ubangida da yaronsa suka shaƙu ƙwarai. Irwin ya ba shi wuri da jari ya buɗe ɗan shagon aikin ƙarfe, wanda ya samu kwangilar yi wa sojoji kayan ƙafafun amalanke a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wajejen nan ne Cummins ya fara cin karo da injin mai shan man dizal, wato man da direbobinmu ke kira gas, kuma daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Ya kamata a nan mu ɗan dakata mu bayyana wa mai karatu yadda wannan inji yake aiki, domin in ba haka ba ba zai gane inda wahalar take ba. Injin fetur yana gauraya mai da iska ne, sa'an nan fulogi ya ƙyasta masa wuta. Shi na dizal ba shi da fulogi. Iska zalla yake shaƙa, fistin ya matse ta cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma sha biyar na girmanta, matsin ya sa ta ɗauki zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a fesa mata mai, nan take ya kama da wuta, ya tunkuɗa fistin ƙasa. Rudolf Diesel, injiniyan Jamus wanda injin ke ɗauke da sunansa, ya samu nasarar tayar da irinsa a shekarar 1897, amma har ya mutu a 1913 injinan dizal ƙatta ne masu nauyin tsiya, sai dai a girke su a masana'anta ko a cikin jirgin ruwa. Babban abin da ya gagari maƙera shi ne yadda za a auna ɗan ɗigon mai daidai wa daida, a fesa shi a kan kari, sau ɗaruruwa cikin minti guda. Ƙarfin injin da tsawon ransa duk a kan wannan awo suka rataya.

Ranar 3 ga watan Fabrairu, 1919, aka kafa kamfanin Cummins Engine Company da kuɗin Irwin, a cikin wani tsohon ginin niƙa hatsi. Da farko ƙananan injinan gona suka riƙa yi bisa ƙirar wani injiniya mai suna Hvid, kamfanin Sears yana sayar musu. Abin bai zo da daɗi ba. Sears ya yi wa masu saye alkawarin mayar da kuɗi ga duk wanda bai gamsu ba, injinan kuwa ba su rasa lahani ba, saboda haka manoma suka riƙa saye su yi aikin kakarsu, su dawo da kaya su karɓi kuɗinsu. Kamfanin ya kusa durƙushewa tun bai miƙe ba.

Cummins bai ɗora wa manoma laifi ya zauna ba. Ya koma shago ya yi ta gwaje-gwaje har ya fito da tasa dabarar. Famfo guda ne zai auna man ba tare da matsi mai yawa ba, ya aika wa kowace silinda rabonta, sa'an nan injektar da ke kan silindar, wadda kamshaf ke dannawa, ita ce za ta yi feshin da ƙarfi. A 1924 ya fitar da injin da ya kira Model F, a 1928 kuma Model U, wanda attajirai suka riƙa sakawa a kwale-kwalensu na shaƙatawa. Ana cikin haka sai kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi a watan Oktoba, 1929, masu kwale-kwale suka tsuke bakin aljihu, Irwin kuma ya fara maganar rufe kamfanin da ya shekara goma yana cin kuɗinsa bai kawo ko kwabo ba.

Da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, sai Cummins ya sayo wata tsohuwar mota Packard, ya cire injinta na fetur ya cusa mata Model U. Ranar Kirsimeti ta 1929 ya je ya ɗauki maigidansa yawo, sai da suka yi nisa sa'an nan attajirin ya san abin da ke jan su. Gani ya kori ji. A watan Janairu, 1930, ya tuƙa motar daga Indianapolis zuwa Niyok, tafiyar kusan mil 800, man da ya sha duka na dala 1.38 ne. Jaridun Amurka suka ɗauka. A 1931 ya kai wata motar tsere mai injin dizal bakin tekun Daytona ta haura mil 100 a sa'a, kuma a tseren mil 500 na Indianapolis na wannan shekara motar, Dave Evans na tuƙi, ta zo ta 13. Matsayin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ta gama tseren ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, da galan 31 na mai, abin da wata mota ba ta taɓa yi ba kafin ita.

Akwai masu ganin duk waɗannan a matsayin talla kawai, kuma lalle akwai talla a ciki, don Cummins gwani ne wajen jan hankalin 'yan jarida. Amma in aka lura, abin da yake tallatawa ba gudu ba ne, juriya ce da tsimin mai, domin ya san su ne ke shiga lissafin mai babbar mota. A watan Agusta, 1931, shi da abokan tafiya biyu suka ɗauki babbar mota da lodi daga Niyok zuwa Los Angeles, mil 3,214, cikin sa'a 97 da minti 20 na tafiya, da man dala 11.22. A wannan tafiya ce ajali ya gifta musu. Suna gangarowa daga mashigin dutsen Cajon a Kalifoniya, doguwar gangara mai tsakuwa, sai birki ya yi zafi ya daina kamawa. Motar ta ƙwace, ga jirgin ƙasa na kaya yana ratsa hanya a gabansu. Taragon ƙarshe yana wucewa suna faɗawa kan dogo. Da ƙyar suka sha. Mai karatu ya riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

A watan Disamba na shekarar ya ɗora sabon injinsa, Model H, a wata babbar mota, aka yi ta zagaya filin tseren Indianapolis dare da rana har mako biyu, ana zuba mata mai tana tafe, ta ci mil 13,535 ba tsayawa. Wannan Model H mai silinda 6, mai cikin lita 11 da ƙarfin doki 125, shi ne kakan injinan da suka yi wa kamfanin suna. Wani kamfanin kantunan abinci a Kalifoniya mai suna Purity ya sauya wa motocinsa injin, kamfanin Kenworth kuma ya fara fitar da sababbin motoci da shi a 1933. Duk da haka sai a 1937 kamfanin Cummins ya fara ganin riba, shekara 18 bayan kafa shi, a lokacin kuwa J. Irwin Miller, jikan 'yar'uwar Irwin, ya karɓi ragamar gudanarwa tun 1934. A ganinmu, duk wanda zai yabi basirar Cummins ya kamata ya haɗa da haƙurin Irwin, domin ba kowane mai banki ne zai jure wannan ba.

To, da injin ya samu karɓuwa sai aka shiga babi na biyu, wanda har yau ba a rufe ba, wato neman ƙarin ƙarfi. Masu jigila a yammacin Amurka duwatsu suke hawa, ga shi kuwa iska tana raguwa in an yi sama, har injin da ba a hura masa iska yakan yi asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara buɗe mai. Amma mai ba ya ci sai da iska. In man ya fi ƙarfin iskar da ke cikin silinda, ragowar sai ya fita a baƙin hayaƙi, zafi ya hauhawa, bawul ya ƙone, kan injin ya tsage, fistin kuwa, in na alminiyum ne wanda ke narkewa a digiri 660, ya fara laushi tun kafin a kai can. Baƙin hayaƙin da wasu ke ɗauka alamar ƙarfi ce, kuɗin mai ne ke tashi sama.

Cummins ya gwada hanyoyi biyu a bainar jama'a. A tseren Indianapolis na 1934 ya shigar da motoci biyu. Ɗaya injinta mai bugu biyu ne, wanda ke kama wuta a kowane juyi, saboda haka a lissafi ya fi ba da ƙarfi. Ɗayar kuwa mai bugu huɗu ce irin wanda ya saba yi. Mai bugu biyu ta gama tseren a matsayi na 12, amma ta sha zafi ƙwarai, ana kashe injin ya ƙame bai sake juyawa ba. Mai bugu huɗu ba ta gama ba, sai dai ba injin ne ya gaza ba, giyabos ne ya kasa ɗaukar ƙarfinsa. Cummins ya watsar da mai bugu biyu, kamfanin ya tsaya a kan mai bugu huɗu. Wanda bai kai ƙarshen tsere ba shi aka zaɓa, domin shi ne ya fito da lafiyarsa. Faɗuwar giyabos ɗin kuma ta nuna cewa duk dokin da aka ƙara wa injin, kuloci da giya da lagireto su ne za su biya kuɗinsa.

Hanyar da ta ɗore ita ce ta maƙerin gargajiya, wanda in yana son wuta ta yi ƙarfi ba gawayi kaɗai yake ƙarawa ba, zugazugi yake kamawa. Kafin shekarun 1930 su ƙare kamfanin ya liƙa wa Model H mazugin da injin ke juyawa da kansa, ƙarfinsa ya kai doki 200. Bayan yaƙi aka fito da injin NH, aka faɗaɗa bakin silinda har cikinsa ya haura lita 12, aka ba kowace silinda bawul huɗu maimakon biyu don numfashi ya wadata. Daga nan sai turbo, wadda wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista tun 1905. Ita hayaƙin da ke fita a banza ne yake juya ta, ta riƙa tura iska cikin injin. A 1952 kamfanin, bisa jagorancin ƙanen Clessie mai suna Don Cummins da wasu injiniyoyi, ya kai Indianapolis wata mota mai injin babbar mota da turbo, ita ce ta farko irinta a filin. Fred Agabashian ya tuƙa ta a gwajin share fage da gudun mil 138 a sa'a, ya samu gurbin farko a layin tashi. Amma a ranar tsere ta tsaya bayan zagaye 71 cikin 200, saboda an sa bakin shan iskar turbo a ƙasa, ya yi ta zuƙar ɓarɓashin taya da dattin titi har ya toshe. Ƙura ce ta kayar da ita, abin da duk bakaniken da ya san darajar matatar iska zai gane.

A 1954 kamfanin ya fara sayar da injina masu turbo, kuma a shekarar ya fito da sabon tsarin mai da ake kira PT, wanda tushen dabararsa daga Clessie ya fito, injiniyoyin kamfanin suka ƙarasa. Tsarin ya rage tarkace ƙwarai. Yawan man da ke shiga injekta ya dogara ne a kan abu biyu, matsin da famfo ya bayar da kuma ɗan lokacin da ƙofar injektar take buɗe. Sauƙin nan ya zama alheri kuma ya zama jarraba, domin kanikawa ba su daɗe ba suka gano cewa da an sauya wani ɗan ƙarfe a cikin famfon matsi zai hau, mota ta ƙara ja. Shi kuwa kamfanin, in zai ɗaga ƙarfin injin, ba famfo kaɗai yake taɓawa ba. Yakan sa fistin mai rage matsi don kan injin ya jure, ya jinkirta lokacin feshi kaɗan, ya sa turbo da ta dace, ya ƙara na'urar sanyaya iskar da turbo ta matso tun da iska mai sanyi ta fi cika silinda, ya kuma sa 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin. Daga baya ma ya riƙa buga wata lamba a allon jikin injin, wadda ke nuna jerin fistin da kamshaf da injekta da turbo da suka dace da juna. Da irin wannan tafiya ce zuriyar Model H ta girma zuwa lita 14, ɗanta na ƙarshe, N14, ya kai doki 525 a shekarun 1990. Abin sha'awa, daga 1931 har zuwa lokacin tsawon tafiyar fistin bai sauya ba, inci 6 ne. Girman cikin injin ko rubu'i da ɗoriya kawai ya ƙaru, ƙarfin kuwa ya ninka fiye da sau huɗu.

Shi Clessie a wannan lokaci ya fara nisa da kamfanin. Ya yi wa gwamnati aiki a Washinton lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a hukumar kula da ƙere-ƙeren yaƙi. Irwin ya mutu a 1943. A 1945 Cummins ya ƙaura zuwa Kalifoniya, a 1947 Miller ya gaje shi a kujerar shugaban kamfani. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ba shi ne mai mafi yawan hannun jari a ciki ba, kuma saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin a kan ladan ƙirƙire-ƙirƙirensa. A tsakiyar shekarun 1950 suka rabu, ya buɗe ɗan wurin bincike nasa na kansa, yana da shekara kusan 70.

A nan ne ya koma kan gangarar Cajon. Ya san cewa ƙara wa mota ƙarfin hawa ba tare da ƙarfin sauka ba ganganci ne, kuma ya san dalilin da ya sa injin dizal ba ya riƙe mota a gangara. In direba ya ɗaga ƙafa, fistin yana matse iska, amma da ya wuce ƙololuwa sai iskar ta sake tunkuɗo shi ƙasa, ta mayar masa da kusan duk ƙarfin da ya kashe. Dabararsa ita ce a buɗe bawul ɗin fitar hayaƙi daidai lokacin da matsi ya kai ƙarshe, iskar ta fice ta salansa, ƙarfin ya tafi a banza, injin ya zama mai shanye gudun mota maimakon mai ba ta gudu. Matsalar ita ce abin da zai buɗe bawul ɗin a kan kari. Ya shekara yana nema, ashe amsar tana cikin injinsa tun tuni, domin sandar da ke danna injekta a daidai wannan lokaci take motsawa. Sai ya haɗa ta da bawul ɗin ta hanyar matsin baƙin mai.

Ya kai wa tsohon kamfaninsa, ba su karɓa ba. Wani kamfani mai suna Jacobs a Jihar Connecticut, wanda sana'arsa yin kan na'urar huda ƙarfe ce, shi ya ɗauka, ya fara sayarwa a 1961. Direbobin Amurka suka laƙaba masa suna Jake Brake. Wanda ya san hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, da irin asarar rayukan da tsinkewar birkin manyan motoci ya jawo a wurin, ba ya buƙatar a gaya masa amfanin abin da zai bar birkin ƙafa ya huta har ƙasan gangara.

A 1967 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna My Days with the Diesel. Ya ci gaba da ƙoƙarin haɗa wani sabon inji a shagon gidansa da ke Sausalito, kusa da San Francisco, har ya mutu a watan Agusta, 1968, yana da shekara 79, da rajistar ƙirƙira 33 a ƙasar Amurka. A 1985 ƙungiyar injiniyoyin ƙere-ƙere ta Amurka ta sanya birkin nasa cikin jerin muhimman abubuwan tarihi na fanninta. A ƙofar shiga ƙananan garuruwa da yawa na Amurka da Kanada kuwa akwai alluna da ke hana direbobi amfani da shi a cikin gari, saboda ƙarar da yake yi kamar ana ɓarin wuta da bindiga.